Icce na wanda ya raine shi



Bayan farin 1973 da na 1984, wanda talakawa suka laƙaba wa yunwarsa suna El Buhari, maganar gurgusowar hamada ta zama maganar gwamnati. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta kira babban taro a Maraɗi kan wannan matsala. An kafa gandayen renon itace, an raba dashe ba adadi, amma mafi yawansu zafin rani da bakin akuya suka cinye. In aka ɗebe wurare irin su kwarin Majiya a yankin Buza, inda jerin bedi masu tare iska da aka soma dasawa a 1975 suka kama ƙasa, kuɗin da aka zuba ya fi inuwar da aka samu.

Dalili yana cikin doka. Dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da wadda ta gaje ta a 1974, sun sa gao da ƴan'uwansa cikin ikon hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Manomin da ya sare reshe sai ma'aikacin daji ya ci shi tara. Don haka ya gwammace ya sheme kowane toho tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa sammaci.

A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna nan da rai, saiwoyinsu sun yi zurfi. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: a zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi, a sare sauran, a riƙa yi musu aski har su miƙe. Shi ne abin da manoma ke kira sassabin zamani. Ya bazu daga gona zuwa gona, musamman da hannun ma'aikatan daji ya yi sassauci a shekarun 1990. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu da kansu. Masu binciken da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Amfanin wannan ya ƙaru yanzu da damina ta daina cika alƙawari. Ruwa yakan ɗauke ana tsakiyar noma, ko ya sauko gaba ɗaya kamar a 2024, lokacin da ambaliya ta rusa gidaje a Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram kuma ya faɗi. A gona mai itatuwa iska ba ta binne shuka, ruwa yana samun lokacin shiga ƙasa. Gao yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya ba dabbobi ƴaƴa. In hatsi ya gaza, itacen wuta da ganyen kuka sukan sayi tiya a kasuwa.

Sai dai gyara bai ƙare ba. Dokar daji ta 2004 da dokar gwamnati ta watan Yuli na 2020 sun amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina, amma dokar da ke kwance cikin Faransanci a ofis ba ta kare kowa a ƙauye. Wanda ke noman gonar aro ko ta jingina, da matar da ke noman gamana, in suka raini icce, na wa zai zama? Makiyayi kuma, in gonaki sun cinye burtali, ta ina zai bi zuwa mashaya? Ƙasar da ta ga abin da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe mutane fiye da ɗari, ba ta da hujjar yin wasa da wannan tambaya.

Kundin dokokin karkara na 1993 ya tanadi kwamitocin filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince da ƙaurar makiyayi a matsayin haƙƙi. Abin da ya rage shi ne a ba kwamitocin nan kuɗin aiki, a zaunar da mata da makiyaya a cikinsu da cikakkiyar murya, a shata burtali a kafa masa alama, a kuma karanta dokokin nan a gidajen rediyon karkara da Hausa da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da Zabarmanci. Duk mai neman shugabanci, daga magajin gari zuwa sama, ya dace a tambaye shi matsayinsa a kan waɗannan abubuwa huɗu kafin a saurari sauran alƙawuransa.

Allah ya ba da damina mai albarka.