Damuwa ba hauka ba ce

Iyayena da 'yan'uwana na Waliya da Kuseri,

Ambaliyar Shari da Logon ta 2022 ta janye, amma har yau wasunmu barci ya ƙaurace musu, zuciya ta yi nauyi, sana'a ta gagara. Irin wannan damuwa tana da magani a cikin unguwa.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin PM+: zama biyar, ɗaya kowane mako, da ɗan unguwa wanda aka horar. Ana koyon sassauta numfashi, warware matsaloli ɗaya bayan ɗaya, da komawa cikin dangi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sirrinku amana ne.

Wanda kuwa ke tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti yau.