Jawabi Kan Auna Halayen Likitoci Masu Koyon Aikin Gaggawa



Ran 20 ga Mayu, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus ta Jos, kusa da unguwar Gangare. Fiye da mutum 100 suka rasu, aka kwashi masu raunuka zuwa asibitocin garin, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A irin wannan rana, gwanintar fiɗa da ɗinki kaɗai ba ta ceton rai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sabo da haka ne masana a Jami'ar Abadin ta ƙasar Sikotilan suka fito da wani ma'auni a shekarar 2006, na halaye huɗu da ake dubawa ga likita mai koyo.

Na farko, lura da halin da ake ciki. Mai yawan ihu ba lalle ne shi ya fi jin jiki ba. Wanda ya yi shiru, mai yiwuwa jini ne ke zuba a cikinsa.

Na biyu, yanke shawara da sauri: wa za a fara kai ɗakin fiɗa, wa zai iya jira.

Na uku, magana da aiki tare. Ya ba da umurni a fili, ya kira sunan wanda zai aikata, shi kuma ya maimaita abin da ya ji. In nas ta ce numfashin majiyyaci ya sake, ya saurare ta, kada girman kai ya toshe masa kunne.

Na huɗu, shugabanci, watau ya raba aiki, ya natsu, ya nemi taimakon babban likita tun wuri.

Yadda ake awon kuwa, babban likita ne ke tsayawa gefe yana kallo, ko a bakin aiki ko a gwaji da mutum-mutumi. Yakan ba kowane hali maki daga 1 zuwa 4, sa'an nan su zauna su duba inda aka gaza. Manufar ita ce gyara kafin kuskure ya ci rai.

Jama'a ma suna da nasu aikin. In an kai mai rauni asibiti, mutum ɗaya ya tsaya ya bayyana abin da ya faru da lokacinsa. Sauran su ba ma'aikata wuri, wanda ke da lafiya kuma ya ba da jini in an nema.

Allah ya kiyashe mu, amin.