Taimin Bel: In Canja Ko In Ci Gaba Da Lallaɓawa?

Yau hirar mota za mu yi, kuma a kaina abin ya faru, ba labari aka ba ni ba.

Motata Honda Accord ce ƙirar 2001, wadda ake ce wa Baby Boy, mai silinda huɗu. A hannun yayana na saye ta, shi ma daga Kwatano aka kawo masa. Ranar da wannan magana ta taso, mitarta tana nuna 214,000. To ku lura, motar da aka yi don kasuwar Amurka da mil take lissafi, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Ke nan ta ci sama da kilomita 340,000. Wannan ma in ba a taɓa mayar da mitar baya ba kafin ta iso gare mu, don kun san ana yi.

Ni ba ɗan gayu ba ne da mota. Babban aikinta shi ne kai Hajiyarmu asibiti Kano duk wata. Mu tashi daga Karkarna bayan sallar asuba, mu bi ta Kazaure, mu wuce Ɗambatta, mu shiga Kano kafin layi ya yi tsawo. Hajiya ba ta iya zaman motar haya saboda ƙafa.

Wata rana na kai motar juyen baƙin mai, sai bakanikena ya ce, "Malam, yaushe rabon da a canja taimin bel ɗin motar nan?" Na ce, "Oga, ai fanbel ɗin sabo ne, bara ka sa." Ya yi dariya, ya ce wancan na waje ne, wanda yake magana a kai yana ɓoye cikin murfi a gefen injin. Nan take na kira Yaya. Ya ce wallahi tun da ya sayi motar bai taɓa taɓa shi ba. Shekararsa shida da ita, ni kuma uku. Shekara tara ke nan, ban da abin da ta yi a hannun mai ita na farko.

Bari in yi muku bayanin abin yadda na fahimce shi. A ƙasan injin akwai karanshaf, wanda fistin ke juyawa. A sama akwai kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa, iska da fetur su shiga, hayaƙi ya fita. Taimin bel roba ce mai haƙora, da zare mai ƙarfi a cikinta, ita ke haɗa su biyun su tafi a kan lokaci ɗaya: na ƙasa ya juya sau biyu, na sama sau ɗaya. A wasu injina, irin nawa, gurbin da bawul ke sauka in ya buɗe, nan fistin ke hawowa, lokaci ne kawai ya raba su. Da zarar bel ya tsinke, na sama ya tsaya da wasu bawul a buɗe, na ƙasa kuma yana kan gudu, sai fistin ya doke su, su lanƙwashe. Aikin da zai tsaya a bel ya koma sauke kan injin, wani lokaci ma sai an nemo wani injin ɗin.

Ba duk mota ce haka ba fa. Corolla ta 2003 zuwa 2007 sarƙa take amfani da ita, haka Accord End of Discussion mai silinda huɗu, amma mai V6 ɗinta bel ce. Camry mai injin 2.2, ta 1997 zuwa 2001, bel gare ta, sai dai in ya tsinke fistin ba ya kai wa bawul, za ta dai ajiye ka a hanya. Fijo 406 kuwa da Baby Boy, in ya tsinke sai addu'a. Don haka kafin komai, ka san wane injin ne a motarka.

Kamfanin Honda ya rubuta a littafin wannan mota cewa a canja bel a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Ya ƙara da cewa in ana yawan tuƙa ta a zafin da ya haura digiri 43, a canja a mil 60,000. Wanda ya san Afrilu da Mayu a ƙasar Kazaure ya san ba mu da nisa da wannan sharaɗi. Ga ƙura ga dogon zango. Ni kuwa ko ta wace fuska aka lissafa, na wuce.

Amma gaskiya ban amince nan take ba. Motar lafiyarta ƙalau, ki ɗaya take tashi, ba ƙara ba hayaƙi. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda aljihu yake. Ɗan abin da na tara, na tayoyin gaba ne da gyaran esi. Na ce wa bakaniken, "Oga, ba za mu lallaɓa zuwa bayan kaka ba?" Ya ce, "Malam, motarka ce. Amma shi wannan ba ya sallama. Birki zai yi maka kuka, bearing zai yi gurnani, shi sai dai ka ji shiru."

Na tafi gida ina ta saƙe-saƙe. Sati biyu da yin haka, abokina mai 406 ya kira ni da la'asar, motarsa ta mutu tsakanin Kazaure da Ɗambatta, yana tafe kawai ta ɗauke wuta. Ya yi ta murza ki, yana zaton fetur ne ba ya zuwa. Ashe bel ne. Sai da aka yi janwe. Da aka buɗe, bawul sun lanƙwashe, aka sayi sababbi, aka sayi gasket, aka kai kan injin wurin masu gyara. Abin da ya kashe ya ninka kuɗin canjin bel wajen sau huɗu, motar kuma ta yi kusan wata a gareji. Na tsaya ina kallonta, na tuna Hajiya a kujerar baya, a ce mu ne a wannan wurin da zafin rana. Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Washegari na kai tawa.

Da aka cire murfin, bayan bel ɗin ya yi ƙyalli, gindin haƙoran duk ya tsattsage, ga baƙin mai yana tsiyaya a kai daga sil ɗin kamshaf. Shi kuwa mai, abokin gabar roba ne. Sannan na ga abin da ban sani ba: wannan injin yana da ƙaramin bel na biyu, na balansa, wanda in ya tsinke zai iya cusa kansa cikin babban ya ja masa.

A nan ne mutane ke yin tsimin da ke zama asara. Wahalar aikin tana wajen kwancewa, don haka tunda an buɗe, a canja duk abin da ke wurin: bel biyun, ajasta da bearing ɗinta, sil-sil ɗin mai, da famfon ruwa, domin a wannan injin taimin bel ne ke juya shi. Ka sa sabon bel a kan tsohon famfo, ranar da famfon ya cije zai tafi da bel ɗin.

Kayan kuwa da kaina na je Ƙofar Ruwa a Kano tare da bakaniken. Akwai sunaye sanannu irin Gates da Mitsuboshi da Aisin, amma jabu ma da kwali mai kyau yake zuwa, shi ya sa na tafi da mai ido. Wani ya ce yana da na Beljiyam mai sauƙi, na ce a'a. Ƙofa ko fitila ka saya na hannu, amma roba da ba ka san shekarunta ba, me ka canja? Araha ba ta ado.

Bayan an ɗaura, na ga ya sa sifana ya juya injin da hannu zagaye biyu, ya sake duba alamomin sama da ƙasa sun daidaita, sannan ya tayar. In bakanikenka bai yi haka ba, ka tambaye shi dalili, haƙori ɗaya in ya goce motar ba za ta yi daidai ba. Ni kuma na sa maka na rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin, na kuma ɗauki hoto a waya.

Wani zai ce, mota ta tsufa haka, ta cancanci wannan kashe kuɗi? Ga yadda na auna. In giya tana zillewa, injin yana shan mai yana hayaƙi, bodi ya ruɓe, to kila lokacin rabuwa ya yi, kuma in za ka sayar ka faɗa wa mai saye gaskiya. Amma in injin da giya lafiya, kuɗin bel bai kai ko kusa da kuɗin wata motar ba, wadda ita ma ba ka san tarihinta ba. In kuma kana da shaidar an canja kwanan nan, bar shi, kada a sa ka kashe kuɗi a banza. Matsalar tana ga wanda bai sani ba, irina.

Esi dai har yau ba a gyara ba, gilas muke saukewa, tayoyin kuma sai da aka shiga wani watan. Hajiya ta ce, "Kai dai ka kai ni lafiya, iskar Allah ta ishe ni."

Aikin da zan ba ku: yau ɗin nan ka gano bel ce a motarka ko sarƙa, kuma yaushe aka canja. In ta mutu maka a guje, ka ji ki yana juyawa sakayau ba kamar kullum ba, ka cire hannunka, kada ka ƙara ɓarna. Ku rubuto mana irin motarku da abin da mitarta ke nunawa, mu duba tare a shiri na gaba. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.