Jawabin Shugabar Mata: Sana'ar da kike so da wadda za ta riƙe ki

 

Kafin a fara rubuta sunayen masu koyon sana'a a mazaɓunmu, ina da magana. A taronmu na baya wata ƙanwarmu ta ce min, "Hajiya, ni dai lalle nake so, zai riƙe ni kuwa?" Amsar da na ba ta ita zan ba ku.

Gaskiya ba kowace mace ce sana'ar da ranta ke so za ta ciyar da ita ba. So hana ganin laifi, in ji Hausawa. Lalle kasuwarsa ta biki ce da sallah. Mai ɗinki a watan azumi ba ta samun barci, bayan sallah kuma keke ya yi ƙura. Amma mai ƙosai da mai awara da mai injin markaɗe kullum sai an yi musu sallama, don ciki ba ya hutu.

Ga shi lissafi ya canza. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar zuwa Kantin Kwari ko Dawanau ya zama babban abu a jarinki. In ba ki cire shi ba, wallahi abin da kike kira riba uwar kuɗinki ce kike ci.

Mun sha gani an raba kekunan ɗinki, kafin wata ya zagayo an kai su kasuwa. Ba butulci ba ne, an ba mace abin da ba ta iya ba ne, ko unguwar ta riga ta cika da teloli.

Don haka kafin ki ba da sunanki, ki tambayi kanki: na iya kuwa? Wa zai saya a layinmu? Kullum ake nema ko sai lokaci ya zo?

Ban ce ki binne abin da kike so ba. Ki riƙe mai kawo kuɗin cefane, ki riƙa zuba adashi, ki raini ɗayar a gefe har ta tsaya da ƙafarta. Kada dai ki saki reshe ki kama ganye.

A tura wa sauran zaurukanmu. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya rufa mana asiri.