Kwalara da Aikin Hanji



Maganata a yau a kan hanji take, da yadda kwalara, wato ciwon amai da gudawa, ke juya aikinsa. Ƙaramin hanjin mutum ya kai tsawon mita 6. A kowace rana kimanin lita 9 na ruwa ke shiga cikinsa: wanda muka sha, da miyau, da ruwan da ciki da hanta ke zubowa don narkar da abinci. Hanji yakan tsotse kusan dukansa ya mayar wa jini. Abin da ke fita tare da bayan gida bai wuce kofi guda ba.

Ƙwayar kwalara ba ta huda hanji, ba ta yi masa miki kamar yadda taifot da atini ke yi. Dafi take fitarwa, wanda ke sa bangon hanji ya riƙa kwararo gishiri da ruwa waje. Majinyaci yana iya zubar da lita guda cikin awa guda, zawon kuwa fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, fata ta yamutse, fitsari ya ɗauke. Ashe ƙarewar ruwan jiki ne ke kisa. In ciwon ya tsananta ba a yi kome ba, kusan rabin majinyata na iya mutuwa. In an mayar da ruwan da wuri, mace-macen ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

To, akwai ƙofa guda da dafin bai rufe ba. In sukari da gishiri suka haɗu a hanji, tare suke ratsa bangonsa, ruwa kuma ya bi bayansu. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, Dokta Dilip Mahalanabis ya yi aiki da wannan sani a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, mace-mace suka sauko daga kimanin 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. In babu ƙunshin ORS, a sami lita guda ta tafasasshen ruwa, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara a kan haka. A yi ta ba majinyaci kaɗan-kaɗan ko da yana amai, a kuma gaggauta kai shi asibiti, don wanda ya galabaita sai ƙarin ruwa ta jijiya.

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Tun 1854 Dokta John Snow ya gano cewa famfo guda ne ya yaɗa annobar a wata unguwa ta Landan. Cutar ta sake ɓulla a Afirka ta Yamma a 1970, har yau kuwa damina takan dawo da ita. Da yawanku za ku riƙe ofisoshin ƙananan hukumomi. Ku lura da nisan masai da rijiya, ku tabbata an sa wa ruwan famfo magani, ku kuma kawar da camfin nan na hana mai zawo shan ruwa.