Ciwon Gawut a Tsakanin Matasa: Jawabi ga Jama'ar Zugurma da Kewaye

Jama'a da yawa sun ɗauka ciwon gaɓɓai na tsofaffi ne kaɗai. Amma akwai wani irinsa, wanda likitoci ke kira gawut, da yakan kwantar da saurayi mai jini a jika a tsakiyar aikin damina.

Yawanci da dare yake farawa. Mutum ya kwanta lafiya, sai zogi ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafa, ko idon sawu, ko gwiwa. Wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, fatar tana sheƙi, ko mayafi ba ya son ya taɓa shi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya lafa, mai shi ya ce sanyi ne ya wuce. Alhali ciwon yana nan, zai kuma komo.

Asalinsa wani sinadari ne mai suna yurik asid, wanda ƙoda ke fitarwa cikin fitsari. Idan ya yi yawa a jini sai ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Tun 1848 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya nuna yawansa a jinin masu ciwon.

Samari sun fi 'yan mata kamuwa. Abubuwan da ke jawo shi ga matashi su ne gado, da ƙiba, da ciwon ƙoda, da cutar sikila, da giya ko burkutu, da yawan lemon kwalba, da yawan cin hanta da kayan ciki. Haka nan gubar dalma, irin wadda ta halaka yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi cikin 2015, tana lalata ƙoda, ta buɗe wa gawut ƙofa. Lalle masu haƙar zinariya su lura da wannan.

Saboda haka saurayin da ya ga waɗannan alamu kada ya dogara ga sayen maganin zogi a kasuwa, domin yawan shansa yana ƙara raunana ƙoda. Ya tafi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Kwantagora, a auna jininsa da ƙodarsa. Idan kumburin ya haɗu da zazzaɓi, kada a kwana ba a kai shi ba. Akwai magani, irin su allopurinol, da ke rage sinadarin muddin ana sha kullum bisa umurnin likita. A kuma yawaita shan ruwa, musamman da bazara.