Jawabi Kan Kalmomin Da Suka Gaji A Labaran 'Ya'yanmu

 

'Ya'yanmu sun kama rubutun labarai, wasu a littafi, wasu a waya, mun kuwa yi murna. To amma mun lura kalmomi huɗu ake ɗora wa duk kayan, sai ka ce jakin haya: ya ce, ya yi, ya tafi, ya duba. A shafi guda yarinya ta yi murmushi sau biyar!

Mu 'yan kasuwa mun san ba haka Hausa take ba. A Tudun Hatsi mai saye tayawa yake, mai hatsi ya ce albarka, ko ya sallama. Wanda ake bi bashi in ya hango ka sulalewa yake. Ɓarawo ya saɗaɗa, mai targaɗe ya ɗingisa, mai rigima ya kutsa. Kishiya ta harara, amarya ta saci kallo. Daga kalmar kaɗai ka san halin mutum.

Laifin ba na yaran ba ne. Nan Gombe muna zaune da Fulani da Tera da Bolawa da Tangale, Hausa ce ta haɗa mu ciniki. Ta ciniki kuwa gajera ce, a fahimci juna a wuce. Da ita suka tashi.

Don haka muna roƙon ƙungiya ta sayi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, da Magana Jari Ce, a ajiye a Islamiyyar unguwa, duk daren Juma'a a riƙa karanta musu da babbar murya. A gayyato tsofaffin mata ma, su yi musu tatsuniya.